Jeren Hatsi don Idon Banki

A shekarar da gwamnati ta sauya takardun kuɗi, tsofaffin suka zama abin gudu, sababbin kuma suka ƙi fitowa, a shekarar ne taubashina ya rasa motarsa. Kowa na tuna yadda magidanta suka riƙa yini a ƙofar banki a Kaura, su koma gida da la'asar hannu wofi, mai dukiya a asusu ya kasa sayen gishiri. Ni ma ina tuna wannan. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne abin da na gani a cikin kamfaninmu, wanda har yau in ya faɗo mini a rai sai in ji bakina ya yi ɗaci.

Kamfanin na hatsi ne. 'Yan kasuwar Kaura da na Shinkafi da na Zurmi suka haɗa jari, aka yi masa rajista, aka sayar da hannun jari ga duk mai so. Akwai manyan alhazai a ciki, akwai kuma ƙananan mutane, malaman makaranta da suka yi ritaya, da matan da mazansu suka rasu, har da marayun da waliyyansu suka zuba musu rabon gadonsu don kada ya narke a hannu. Sana'ar ba baƙuwa ba ce. A sayi gero da dawa da wake da kaka, a tara a sito, a fitar da su tsakiyar damina in sun yi daraja. Sito uku muke da su, kowane gari ɗaya. Da abin ya bunƙasa sai wani banki ya ba mu rance irin wanda aka ce babu ruwa a ciki, hatsin da ke sito kuwa shi ne jinginar.

Ni na shiga da kuɗin wata gona da na sayar a Banga, lokacin da zuwa gonar ya zama sai mutum ya bar wasiyya. Aka sa ni cikin daraktoci, ba don na iya lissafin zamani ba. Karatuna na allo ne da na zaure, rubutuna ajami ne, boko kuwa ina bin sa a hankali kamar mai tafiya cikin ƙaya ba takalmi. An sa ni ne don a ce akwai malam a ciki. Aikina biyu ne: in buɗe taro da addu'a in rufe, kuma in fitar da zakkar kamfani in shekara ta zagayo, domin masu jari sun wakilta mu a kan haka.

Shugabanmu, wanda kowa ke kira Ciyaman, mutum ne mai kyan jiki da ƙamshin turare, ba ya rasa sahun farko a masallaci. Yana da motocin siminti nasa na kansa da wasu harkoki. Tun da ya je wata bita a Abuja ya dawo da magana guda da ba ya gajiya da ita, wai shugabanci kasada ne, wanda bai iya kasada ba ya koma tallan gyaɗa. Ya kuma daina cewa asara, sai dai ƙalubale. A gefensa kullum akwai akantanmu, mutum mai ladabi da tabarau, wanda ban taɓa jin ƙarya ta fito daga bakinsa ba. Kwamfutarsa ke yi masa.

Tun kafin shekarar nan akwai abubuwan da ba su kwanta mini ba. Buhun da aka saya da kaka, akanta ba ya rubuta shi da kuɗin da aka saye shi, sai da kuɗin da ake fatan sayar da shi da damina, bambancin kuma ya kira shi riba. Waken da ƙwari suka huda ya zama gari, a takarda lafiyayye ne. Na taɓa ce masa a wurinmu ko rabon gado ne, in akwai ciki, jira ake yi a ga abin da aka haifa. Ya yi murmushi ya ce, “Allah gafarta Malam, ribar ta tabbata, lokacinta ne kawai bai yi ba.”

To, da kuɗi suka ɓace daga hannun mutane, sayen hatsi ya tsaya. Manomin Katuru ko na Dauran ba ka ce masa ka tura masa ta waya. Ko ka ƙirga masa a hannu, ko ya mayar da geronsa rumbu. Ga shi dama da yawa ba su yi noma ba saboda mutanen daji. Rancen banki ya zauna a asusu. Ciyaman ya ce haramun ne a bar kuɗi suna barci, ya ara wa kansa, ya fara gina gidan mai a hanyar Gusau, a kan zai mayar kafin kasuwa ta buɗe. Mu daraktoci ba a gaya mana ba. A taro dai an karanta mana cewa sito uku cike suke har rufi.

Cikin watan Sha'aban ya kira ni gidansa don lissafin zakka. Aka kawo fura, muka sha. Da na fara lissafi da adadin da na ji an karanta, sai ya ɗaga hannu.

“A'a, Malam. Raba wancan uku, ka ɗauki kashi guda. Bisa shi za ka yi.”

Na ce, “Ranka shi daɗe, sauran kashi biyun fa?”

Ya gyara zama, ba ko kunya a fuskarsa. “Wancan lissahin banki na. Wanga shi na na gaskiya. Ni ba ni yi ma Allah ƙarya.”

Na daɗe ina kallonsa. Ya faɗi maganar ne yana jiran in yaba masa tsoron Allah. Na tambaye shi to yaya zai yi da odita, wato mai binciken da banki ke turowa kowace shekara ya ƙirga buhunan da idonsa. Sai ya yi dariya ya ce, “Jere za mu yi mashi.”

Jere kowa ya san shi a wajenmu. In iyayen amarya ba su da hali, akan ari kwanuka da tasoshi daga maƙwabta a cika mata ɗaki, 'yan ganin ɗaki su zo su gani su yaba, in biki ya watse kowa ta zo ta ɗauki nata. Rufin asiri ne, kuma ba wanda ke ba da rance a kan kwanukan. Shi kuwa Ciyaman nufinsa a tattara ɗan hatsin da ke akwai a sito ɗaya, odita ya ƙirga, a kwashe a riga shi isa sito na biyu, ya sake ƙirga shi, haka har na uku.

Na faɗi abin da ke bakina a taron daraktoci. Wani alhaji ya ce kowane kamfani haka yake yi. Wani ya ce in banki ya ji gaskiya yau, kuɗin marayu za su fara nutsewa, gara a rufa a bari Ciyaman ya cike gurbin da damina. Na ga da yawansu dama sun sani, wasu ma siminti suka sayar masa na ginin. Ciyaman ya ce, “An ji, Malam, Allah shi saka da alheri. Ruhe muna da addu'a.” Da aka zagayo da takarda na ƙi sa hannu, akanta ya ce ba komai, hannuwan da aka samu sun isa.

Nan ne taubashina ya shigo maganar. Ɗan gwaggona ne, mun tashi gida ɗaya, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Tun yana saurayi yake tuƙa wa mutane manyan motoci, Legas da Fatakwal duk ya sha su, sai da furfura ta fito masa sannan Allah ya ba shi tasa, wata tsohuwar gingimari da ya fi kula da ita fiye da kansa. Da ita yake ciyar da gida mai yawan baki. A watannin nan na rashin kuɗi ta daɗe tsaye a tasha ba lodi. Da na ji shi ne Ciyaman ya ɗauka ya ja gaban motocin da za su yi jigilar, na same shi a tasha yana kwance ƙarƙashinta da sifana.

Na ce, “Bawana, fito in yi maka magana. Kada ka ɗauki lodin nan.”

Ya leƙo, fuska duk baƙin mai. “Ku ji min ikon Allah! Bawa na ba ubangijinai umurni. Kai da ko keke ba ka iya ba, mi ka sani ga lodi?”

Na gaya masa abin da ake shirin yi. Ya goge hannu da tsumma, ya ce, “Malam na allo, ni buhu a ka aza min, in kai, a biya ni. Ko sau goma su ka son ƙirga shi, su da Allah. Ninki biyu yac ce zai ba ni. Ka san rabon da a aza tukunya sau biyu gidana?”

Na ce ya dai kula da hanya. Ya ce hanya ta san shi tun ina koyon ba sin mim.

Oditan wani siririn mutum ne daga nesa, ya sauka a Gusau, kuma tsoron hanyarmu ya cika masa ciki. Ba ya motsi sai an tabbatar masa akwai rakiyar jami'an tsaro, in ya yi gari ɗaya sai ya koma ya huta. Wannan tsoron nasa shi ne jarin Ciyaman. A Kaura 'yan dako suka jera buhunan kamar ginin ɗaki, bango huɗu har sama, tsakiya fanko. Odita ya zagaya, ya ƙirga tsawo da faɗi, ya ninka, yana shafa wa buhunan gaba shuɗin alli don ya gane wanda ya ƙirga. Aka shimfiɗa masa kaji da lemo. Motarsa na barin gari aka fara lodi. A Shinkafi aka sake ginin, aka juya gefen allin ciki. Odita ya zo ranar Alhamis da hanya ke cike da 'yan kasuwa, ya shafa wa buhunan alli a ɗaya gefen, har yana yaba tsabtar sito.

Saura Zurmi. Lokaci ya ƙure, domin odita ya ce yana son ya gama ya bar jihar. Taubashina ya ce a jira rakiya da hantsi kamar yadda kowa ke yi. Ciyaman ya buga masa waya daga falonsa ya ce ba a jiran rakiya, a tashi da sassafe, 'yan dako na buƙatar yini guda su yi jere. Ya ce, “Kai ba namiji ba na? Kasada ita ta arziki.”

Tsakanin Dauran da Zurmi mutanen daji suka tare shi. Motocin da ke bayansa suka hango suka juya. Shi da ke gaba ba wurin juyawa. Suka sauko da shi, suka karya masa hannu da gindin bindiga don ya yi gardamar ba da makulli, suka kwashe abin da za su iya a kan babura, sannan suka zuba wa motar mai suka cinna mata wuta. Allah ya yi da sauran kwanansa, suka bar shi a bakin hanya. Yana zaune riƙe da hannu ya kalli tayoyinta suna fashewa ɗaya bayan ɗaya.

Daga asibiti na wuce ofis in gaya wa Ciyaman. Ya yi salati, ya dafe kai, na ce a raina ashe akwai sauran imani. Sai na ga fuskarsa tana washewa a hankali. Ya ɗauki waya ya kira odita a gabana.

“Yallaɓai, ka ji abin da ya faru yau hanyar Zurmi? Wata mota aka ƙone, ta wani bawan Allah. Wallahi ba ni iya barinka ka bi hanyar nan, kai amana ne hannunmu. Ka zauna inda kake, akanta zai turo maka hotunan siton.”

Akanta ya tura masa hotunan siton Kaura da aka ɗauka daga wata kusurwa. Odita ya yi godiya har da sa albarka, ya sa hannu cewa ya ga hatsin Zurmi. Ciyaman ya ajiye waya ya ce mini, “Ka gani, Malam? Kowane tsanani da sauƙinai.” Na tashi na fita ban yi masa sallama ba. A bakin rijiyar masallaci na tsaya na kurkure baki, ban san dalili ba.

Bayan ƙaramar Salla na raka taubashina ofis, hannunsa rataye a wuya. Bai zo da faɗa ba. Ya gaida Ciyaman da akanta, ya ce ya zo a san yadda za a yi da motarsa, tun da aikin kamfani ta tafi. Ciyaman ya dubi akanta. Akanta ya gyara tabarau, ya yi magana a hankali kamar mai lallashin yaro.

“Baba, ka yi haƙuri. Buhunan da kake cewa an ƙone, a takarda suna Zurmi tun kaka. Abin da ke Zurmi ba zai ɓata a hanyar zuwa Zurmi ba. In muka rubuta an ɗauke ka aiki ranar, mun rubuta cewa siton ba kowa. Ko inshora ba za mu iya nema ba. A wurin kamfani, tafiyar nan ba a yi ta ba.”

Taubashina ya dubi hannunsa, ya dubi akanta. “To wanga hannu, ɗana, cikin wace takarda ya karye?”

Ciyaman ya shiga wa'azi, ƙaddara ta riga fata, mumini da haƙuri aka san shi, dukiya ta Allah ce. Sannan ya sa aka shigo da buhun shinkafa, ya ce a kai masa gida, sadaka ce saboda Allah. Taubashina ya miƙe ya ce, “Ba bara niz zo ba, Alhaji. Ka ba masu bara.”

Ba a daɗe ba aka yi babban taron shekara. Aka kafa rumfuna, aka raba huluna da kalanda mai hoton Ciyaman yana nuna sama da yatsa. Akanta ya karanta riba, aka tafa. Ribar da aka raba wa mutane kuwa daga sabon rancen da banki ya ƙara mana ta fito, saboda rahoton odita ya yi kyau. Na ga wata tsohuwa ta ɗaure 'yan kuɗinta a bakin zane tana yi wa Ciyaman addu'ar gamawa lafiya, ba ta san naman jikinta aka yanka aka ba ta ba. Wata ƙungiya ta ba shi allon yabo na shugaba mai hangen nesa. Ranar na ajiye kujerata. Da na nemi jarina aka ce sai an duba.

Taubashina kuwa ya koma ɗan kamasho a tashar da ya yi shekaru ana ce masa mai mota. Da hannu ɗaya yake kiran fasinja. Aka sayar da awakin gidan, aka cire yara biyu daga makaranta. Ya je wurin manya, kowa ya ce ya kawo shaida. Direbobin da suka juya sun san gaskiya, amma lodin simintin Ciyaman suke ci. Kotu kuwa takarda take tambaya, takarda kuma ta ce ba a yi tafiyar ba.

Ana nan har lokacin tafiya aikin hajji ya matso. Ciyaman ya biya kujera, ba ta farko ba ce. Al'adarmu ce mai tafiya ya bi dangi da abokan hulɗa ya nemi gafara, domin ba a san mai dawowa ba. Shi ya ga bin gida-gida zai ci masa lokaci, sai ya tsaya a harabar masallaci bayan an sallame Juma'a, ya ɗaga murya ya ce, “Jama'a, zan tahi ɗakin Allah. Duk wanda nis saɓa ma, da sani ko da kuskure, shi yahe min.”

Aka amsa gaba ɗaya, “Mun yahe, Allah shi karɓa.”

Da amsar ta lafa sai aka ji murya ɗaya daga baya, ba da ƙarfi ba. “Ni ban yahe ba.”

Taubashina ne, yana neman takalminsa da ƙafa. Wani dattijo ya ce, “Haba, ba a yin haka ga mai tahiya Makka.” Ya ce, “Baba, ai tambaya yay yi, ni ko na ba shi amsa. Ko so ku kai in yi ƙarya ƙohwar masallaci?” Ya sa takalminsa ya tafi.

Mutumin da bai girgiza ba da aka ƙone mota, bai girgiza ba da aka karya hannu, ranar da la'asar sai ga shi a zaurena, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya ce, “Allah gafarta Malam, ashe hajji ba ta wanke komi da komi?” Na gaya masa abin da kowane ɗalibi ya sani, cewa abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ana fatan gafara, haƙƙin mutum kuwa yana nan sai an biya ko mai shi ya yafe. Ya ce ba wata fatawa mai sauƙi? Na ce in akwai, ba a karantar da ni ita ba. Na lura bai tambaye ni haƙƙin banki ko na marayu ba. Waɗannan ba su tsaya a masallaci sun ce ba su yafe ba.

Daga nan aka shiga ciniki, ni ne ɗan aike don ni kaɗai taubashina ke saurara. Da farko Ciyaman ya aiko da kuɗin da ba su sayen tayoyi. Aka mayar. Sai ya ce zai ba shi hannun jari a kamfani daidai kuɗin motar. Taubashina ya yi dariyar da rabon da in ji ta tun kafin azumi. “Jari ga hatsin da ni nika yawo da shi? Ce mashi na san nauyin kamhwanin nan, ni nid ɗauke shi ga motata.” Sai akanta ya kawo dabara, kamfani ya biya, a rubuta kuɗin a matsayin feshin maganin ƙwari a sito uku. Na kai saƙon kamar yadda aka ba ni. Taubashina ya ce, “A ɗebi na marayu a biya ni, in ci wuta, shi ya tahi Makka da hwarin tuhwa? Mota nir rasa, mota nika so, kuma cikin nashi.”

Ciyaman ya yi ta jan ƙafa har aka kira su sansanin alhazai. Ana gobe zai tafi ya aiko a kira mu garejinsa da hantsi. Motocin siminti na jere, ya nuna wadda ta fi tsufa a ciki. Taubashina ya zagaya ta a hankali, ya buga kowace taya da ƙafa, ya leƙa ƙarƙashi, ya sa aka buɗe masa inji ya sunsuna mai. Ya ce tayoyin baya biyu sun mutu. Ciyaman ya cije baki ya sa aka kwanto na wata motar aka ɗaura. Aka kawo takardun mota, aka sauya suna a gaban shaidu biyu, ni da limamin unguwa.

Akanta ya matso da wata takarda, ya ce a sa hannu cewa ba sauran wata magana tsakaninsa da kamfani a kan abin da ya faru.

Taubashina ya ce, “Wane abu? Kai kac ce tahiyar ba a yi ta ba. Wa ka sa hannu ga abin da ba a yi ba?”

Akanta ya dubi maigidansa. Ciyaman ya yi masa alama ya bari, don shi ba takarda yake jira ba. Ya miƙo hannu, murya ƙasa-ƙasa. “To, yanzu ka yahe?”

Taubashina ya karɓi makulli tukuna, ya sa a aljihu, sannan ya ba shi hannun hagu, domin na daman bai gama miƙewa ba. “Abin da ke tsakanina da kai, na yahe, duniya da lahira. Saura kau ba nawa ba na, ba ni yahe abin wani.”

Ciyaman ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi, kamar rabin farko kaɗai ya ji. Taubashina ya hau, ya murza makulli, motar ta yi tari ta yi shiru. Ya sake, ta ƙi. Ya leƙo ta taga ya ce batir ɗin ya mutu, a kawo wani. Ciyaman ya ce ai an gama magana. Taubashina ya ce ba a gama ba sai ta tashi. Aka ciro batir daga motar da ke kusa aka ɗaura mata, ta tashi da hayaƙi, ya ja ta a hankali da hannu ɗaya ya fita daga garejin.